Abin da ke sa tsohuwar motar alfarma ƙara shan mai, da yadda ake gano tushen matsalar

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, mai tsohuwar Marsandi ko Lexus a Kano bai cika damuwa da yawan man da motarsa ke sha ba. Farashin hukuma bai kai N200 a kan lita ba, don haka idan allura ta sauka da wuri, sai kawai a sake leƙa gidan mai. Cikin kwanaki kaɗan lita ta haura N500, zuwa Oktoban 2024 kuma ta tsallake N1,000 a wurare da dama. Tun daga nan manyan motoci suka fara kwana a ƙarƙashin tamfol a gidaje, wasu kuma aka ɗora musu jarka a kan rufi, alamar ana neman mai saye.

Sai dai a garejojin Fagge da Sabon Gari akwai wani ƙorafi da ya bambanta da na tsadar mai. Mai mota ne zai zo ya ce motar da a bara take kai shi mako guda da rabin tanki, yanzu kwana huɗu ba ta yi. Hanya ba ta sauya ba, direba bai sauya ba, amma shan ya ƙaru, kuma yana ci gaba da ƙaruwa. Abin da yakan biyo baya sananne ne: a sauya fulogi, a wanke nozul, a zuba wani ruwan kwalba a tanki, a karɓi kuɗi. Bayan mako biyu sai a dawo gidan jiya.

Lissafin abin da ke zurarewa ba ƙarami ba ne. A misali, mutumin da ke yin tafiyar kilomita 1,000 a wata, idan motarsa na cin kilomita 8 da lita ɗaya, zai buƙaci lita 125. Idan ta lalace ta koma kilomita 5 a lita, zai buƙaci 200. Idan aka ƙaddara lita a kan N900, wannan bambanci na lita 75 ya kai N67,500 a kowane wata, wato ya kusa cinye mafi ƙarancin albashi na ƙasa, N70,000, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024. Kuma asarar ba ta tsaya a aljihu ba, domin man da inji bai ƙone ba yana komawa ne ya cinye injin kansa.

A fara da awo, ba da sifana ba

Kuskure na farko shi ne auna shan mai da naira. Mutum ya saba cewa a zuba masa na dubu goma. A farashin hukuma na farkon 2023 wannan kuɗi ya fi lita 50, a lokacin da lita ta kai N1,000 kuwa lita 10 ce kacal. Ƙwaƙwalwa ta san haka, amma zuciya ba ta daina jin cewa motar ce ta sauya hali. Ita ma allurar mai ba abar dogaro ba ce. Tankin mota ba murabba'i ba ne, kuma ma'aunin da ke iyo a cikinsa yana tsufa, shi ya sa rabin farko kan daɗe, rabin ƙarshe kuma ya zube kamar an ɓula shi.

Hanyar da ba ta ƙarya guda ce. A cika tanki har famfo ya katse da kansa, a mayar da ma'aunin tafiya sifili, a yi zirga-zirgar da aka saba, sannan a koma gidan mai ɗaya, a famfo ɗaya, a sake cikawa. Sai a raba kilomitocin da aka yi da litocin da suka shiga. A maimaita sau biyu ko uku kafin a yanke hukunci. Nacewa a kan famfo ɗaya yana da dalili: ba kowace litar gidan mai ce ke cika ba, kuma hukumar NMDPRA, wadda aka kafa ƙarƙashin dokar man fetur ta 2021, ta sha rufe gidajen mai saboda tauye mudu.

Akwai tarko biyu a cikin wannan lissafi. Yawancin Lexus da Avalon da ke yawo a Kano daga Amurka aka kawo su, kuma ma'auninsu da mil yake ƙirga, ba da kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda ya ga 200 a allo ya ɗauka kilomita ne, ya zalunci motarsa, domin ta yi kusan kilomita 320. Na biyu, wanda ya sa tayoyin da suka fi na asali tsayi don ƙawa, ma'auninsa zai riƙa ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi.

Dole kuma a yi wa motar adalci. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Lexus RX300 mai silinda shida, ko tana sabuwa, abin da take ci a cikin gari wajen kilomita 7 ne a lita bisa awon hukumomin Amurka, kuma wannan awo bai san cunkoson Kantin Kwari ko na Singa ba. Injin da ke tsaye yana ruri ba ya tafiya ko taku ɗaya, amma babban inji yana iya shan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa guda, fiye ma idan na'urar sanyaya ɗaki na aiki. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce a tsananin zafi na'urar sanyi na iya rage tafiyar lita da fiye da kashi 25 cikin 100, musamman a gajerun tafiye-tafiye. Wanda ya kwatanta shan motarsa a watan Disamba da na Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura maki 40, zai ga bambanci ko da babu abin da ya lalace. Ɗan kasuwar da tafiyarsa ba ta wuce daga Wapa zuwa Bata ba, a tsakanin 'yan A Daidaita Sahu, yana tafiya ne a yanayi mafi muni ga kowane babban inji.

Saboda haka yana da kyau a yi awo ɗaya a doguwar hanya, kamar ta Zariya ko ta Wudil. Idan motar ta yi kyau a can amma ta ɓaci a cikin gari, wataƙila cunkoso ne da sanyi. Idan ta ɓaci a duka biyun, to lallai akwai cuta.

Man da bai kai inji ba

Kafin a taɓa inji, a duba ƙasa. Tiyon roba da ya shekara ashirin yana bushewa ya tsattsage. A Marsandi samfurin W124, wadda aka fi sani da V-Boot, famfon mai da matatarsa suna ƙarƙashin motar ne kusa da tayar baya, inda ƙura da tsatsa ke samun su. Yoyon fetur ba koyaushe yake barin tabo a ƙasa ba, domin a zafin rana yana bushewa kafin ya ɗiga. Wari ne shaidarsa. Motar da ke warin fetur da safe kafin a tayar da ita, ko bayan an cika tanki, ba batun tattali ba ne kuma, batun gobara ne, kuma bai kamata a ɗauki iyali a cikinta ba sai an gano inda yake fita.

Akwai kuma irin yoyon da ba na tiyo ba, wanda ke aukuwa idan mota na kwana a hannun wani. Wannan ba aikin bakanike ba ne, amma littafin rubuta lita da kilomita yana maganinsa ba tare da an zargi kowa ba.

Yadda inji ke yanke shawarar abin da zai sha

Injin fetur yana neman kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. A motocin da ke da nozul, ƙwaƙwalwar mota ce, wadda makanikai ke kira birenbos, ke ƙayyade yawan man da za a fesa. Ita kuwa ba ta gani, ba ta ji, da rahoton na'urori take aiki: wata na faɗa mata yawan iskar da ta shigo, wata zafin ruwan inji, wata kuma da ke jikin salansa tana shinshina hayaƙi ta faɗi ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Idan ɗaya daga cikinsu ta yi ƙarya, ƙwaƙwalwar za ta yi aiki da ƙaryar cikin biyayya. Kuma an tsara ta ne a kan cewa idan ta shiga shakka ta ƙara mai, domin ƙarancin mai na iya ƙona inji nan take, yawansa kuwa sannu a hankali yake ɓarna. Wannan shi ne dalilin da ya sa kusan kowace irin lalura a tsohuwar mota ke bayyana a gidan mai.

Abin da aka cire tun ranar farko

Idan za a zaɓi abu guda da ya fi jawo wa motocin Beljiyam shan mai a Arewa, tamostat ne, ko kuma a ce rashinsa. Wata 'yar ƙofa ce a hanyar ruwa tsakanin inji da lagireta. Tana rufe idan inji na da sanyi domin ya yi saurin ɗumi, ta buɗe idan ya kai zafin aikinsa, wajen maki 82 a yawancin injinan Toyota da Lexus na wancan zamani, wajen 87 a Marsandi. Al'ada ta daɗe a garejojin ƙasar nan cewa da zarar mota ta sauka daga Kwatano ko Legas, sai a cire ta a jefar, wai don ƙasar sanyi aka yi ta. Sau da yawa kuma a haɗa fanka kai-tsaye, tana juyawa tun daga murɗa makulli.

Hujjar tana da daɗin ji, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Zafin da inji ke buƙata ya ninka zafin Kano na watan Afrilu, don haka ko a nan yana buƙatar abin da zai riƙe masa zafi. Injin da bai yi ɗumi ba, ƙwaƙwalwa na ɗaukarsa a matsayin wanda aka tayar yanzu, sai ta ci gaba da ba shi mai da yawa, tana jinkirta sauraron na'urar hayaƙi. A cunkoson rana zai iya kaiwa zafinsa duk da haka, shi ya sa mai mota ba ya lura. Amma da asuba a lokacin hunturu, ko a doguwar hanya inda iska ke dukan lagireta, allurar zafi za ta kwanta ƙasa, mai mota yana murna cewa motarsa ba ta zafi, alhali tana shan mai kamar an buɗe famfo. Man da ya yi yawa yana wanke bakin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa, ringi ya ci, inji ya tsufa da wuri. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Gaskiya ne wasu sun cire tamostat ne saboda motar na tafasa. Amma abin da ke sa tafasa yawanci lagireta ce da ta toshe da ruwan rijiya, ko famfon ruwa da ya ci, ko fanka da ta mutu, ko murfin da ba ya riƙe matsi. Cire tamostat ɓoye cutar yake yi. Gwajin ba ya buƙatar kuɗi: bayan tafiyar minti goma zuwa sha biyar, allurar zafi ta hau inda ta saba tsayawa, ta kuma zauna a wurin ko a gari ko a daji. A Marsandi, inda allon ke da lambobi, ta tsaya sama da 80.

Ƙanwar wannan matsala ita ce na'urar auna zafin ruwa. Idan ta lalace tana iya cewa inji na cikin ƙanƙara alhali yana tururi. Wanda ke da kwamfutar duba mota zai gane cikin minti ɗaya: da safe kafin a tayar, zafin ruwa da zafin iskar waje su zo kusan ɗaya. Idan allon ya nuna 40 ƙasa da sifili a tsakiyar Fagge, waya ce ta tsinke ko na'urar ta mutu.

Mai shinshina hayaƙi, da batun indomi

Na'urar iskar oksijin da ke ɗaure a salansa, wadda kamfanin Bosch ya ƙera kuma Volvo ta fara sa wa motocinta a 1976, ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Kasala take yi, ta riƙa jinkirin amsawa, shan mai na ƙaruwa kaɗan-kaɗan har mai mota ya saba. Hayaƙin bakin mai, ruwan lagireta da ke shiga silinda, da gurɓataccen fetur duk suna rage mata kwana. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa gyara irin wannan babbar lalura na iya inganta tafiyar lita har da kashi 40 cikin 100.

A nan ne masu Lexus ke yawan faɗawa rami. Injinan 1MZ da 3MZ na RX300 da RX330 da ES330 suna amfani da wata na'ura ta musamman a gaba, mai auna ma'aunin iska da mai, wadda a ido ta yi kama da ta gama-gari amma harshen da take magana da ƙwaƙwalwa daban ne. Idan aka je Ƙofar Ruwa ko shagunan Sabon Gari aka ɗauko wadda zarenta ya shiga kawai, za ta ɗauru, amma ba za ta yi aiki ba. Lambar da ke jikin tsohuwar ita ce abin bi, ba kamanni ba. Araha ba ta ado, musamman a kayan da jabunsu suka cika kasuwa.

Sai batun abin da makanikai ke kira indomi, wato saƙar da ke cikin tukunyar salansa mai tace hayaƙi. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada, falatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa take da kasuwa, kuma shi ya sa motoci da dama ke rasa ta, wasu da sanin mai su, wasu a lokacin da aka bar mota ta kwana a wurin gyara. Jama'a sun yi imani cewa cire ta na sa shan mai, kuma sau da yawa hakan na faruwa, sai dai dalilin ba shi ne wanda ake zato ba. Wajen yanka da walda ne ake lalata na'urorin hayaƙi, ko a bar 'yar kafa. Kafar da ke gaban na'urar tana zuƙo iskar waje, na'urar ta ji iska ta yi yawa, ta kai rahoton cewa mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara. Ƙaramin tsagu a wuyan salansa, wanda ke yin 'yar ƙara da safe ya yi shiru idan ƙarfe ya ɗumi, na iya cin kuɗin da ya fi na waldarsa sau goma a wata. Idan kuma indomin tana nan amma ta narke ta toshe, motar za ta rasa ƙarfi a hawa, direba ya riƙa danne totur, mai na tafiya.

Ƙurar Kano

Kusan kowa ya yarda cewa matatar iska da ta toshe na sa shan mai. A motar kafireta haka ne. Amma wani bincike da cibiyar Oak Ridge ta Amurka ta fitar a 2009 ya nuna cewa a motocin nozul toshewar matata ƙarfin mota take ragewa, ba ta cika taɓa shan mai ba, domin ƙwaƙwalwa na rage mai daidai da iskar da ta samu. Haɗarin da ya fi girma shi ne matatar da ta yage, ko wadda aka busa da iskar mai faci har ta huje, ko murfin da ba ya rufuwa. Ta nan ƙurar hunturu ke shiga ta lulluɓe siririyar wayar da ke auna iska, ta riƙa ba da lissafin banza, ragowar ƙurar kuma ta wuce cikin silinda ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Ana wanke wannan na'ura da ruwan feshi na musamman, ba da fetur ko burushi ba, kuma ba a taɓa wayar da hannu.

Fulogi kuwa, wanda kowa ke fara zargi, ya fi amfani a matsayin shaida. Idan an ciro shi, bakinsa mai ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ne, baƙin toka busasshe alamar mai ya yi yawa, jiƙaƙƙe mai maiƙo kuma bakin mai ne ke hawa. Sauya fulogin da ya yi baƙi ba tare da gano abin da ya baƙanta shi ba, wanke riga ne a koma cikin kwata. Masu Marsandi mai injin M112 su sani fulogi 12 ne a motarsu, biyu a kowace silinda, M113 mai silinda takwas kuma 16. An sha sauya waɗanda hannu ke kaiwa a bar na lungu. Idan fitilar inji na ƙiftawa maimakon ta tsaya, wata silinda ce ba ta ƙona manta, kuma ɗanyen man da ke wucewa shi ne ke narka indomi.

Hayaƙi ma yana magana. Baƙi fetur ne, shuɗi bakin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya ɗumi kuma ruwa ne. Idan sandar auna bakin mai na warin fetur, ko bakin man na ƙaruwa maimakon raguwa, to nozul na ɗiga ko na'urar daidaita matsin mai ta fashe. A motocin da ke da wannan na'ura a kan inji, a zare siririn tiyon iskar da ke kanta. Idan akwai fetur a ciki, an kama ɓarawon.

Cututtukan da suka keɓanta da wasu motoci

RX300 da ES300 suna da wata lalura da ke ruɗa mutane. Idan na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar inji ta mutu, ko wayarta da ke ƙarƙashin bututun iska ta gasu, ƙwaƙwalwa na ja da lokacin tartsatsi baya, ta kuma hana motar shiga giyar ƙarshe. Sai a ga mota na kuka a hanyar Zariya tana shan mai, a ce giyabos ne ya mutu, har a sayi wani. Kwamfuta za ta nuna P0325 ko P0330, kuma gyaran bai kai kusa da kuɗin giyabos ba.

V-Boot ta farko, mai injin M103, tana amfani da tsarin KE-Jetronic, rabinsa ƙarfe rabinsa lantarki. Akwai wani ɗan kusa a jikin mai rarraba man da ake daidaita cakuɗa da shi, kuma kusan duk hannun da motar ta bi ya taɓa murɗa shi da kunne. Daidaita shi aikin awo ne. Haka kuma idan ɗan akwatin da ke kare lantarkin tsarin ya lalace, motar za ta ci gaba da tafiya da ɓangaren ƙarfen kawai, tana wahalar tashi da safe. Waɗanda aka ƙera a tsakanin 1993 da 1995 kuma sun zo da wayoyin inji masu rufin da ke ruɓewa da zafi. Idan aka tsaga aka ga roba na zuba kamar gari, babu na'urar da za a sauya ta yi magani sai an sauya wayoyin.

A wajen inji kuwa, birkin da ya kama yana sa taya ɗaya ta fi sauran zafi bayan tafiya. Giyabos da ya maƙale a giya ta biyu, ko wanda ba ya kullewa a doguwar hanya, yana bayyana a allurar juyin inji da ta fi yadda aka saba. Iskar taya a bi abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ko a cikin murfin tanki a Marsandi, ba abin da mai faci ya ga dama ba. Tasirinta bai kai yadda ake zuzutawa ba, amma gyaranta kusan kyauta ne. Bakin mai mai kauri fiye da wanda kamfani ya ce, shi ma yana ɗan ƙara kaso ɗaya ko biyu.

Shi kansa fetur ɗin ba a wanke shi ba. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da mai mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima daga Antwerp ta Beljiyam, kuma motoci da dama sun lalace a lokacin. Man bumburutu na bakin titi kuwa babu mai sanin abin da aka gauraya masa. Idan shan mai ya ƙaru kwatsam bayan an sha a wani wuri, a ƙarar da shi, a sauya gidan mai, a sake awo kafin a kwance komai.

Abin da za a nema a wurin mai kwamfuta

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, haka motocin fetur na Turai daga 2001. Masu kwamfutar duba mota sun yawaita a Kano, amma da yawa abin da suke yi bai wuce karanta lamba su goge ba. Goge lamba ba gyara ba ne, kuma lambar ba sunan abin da za a saya ba ce. P0172 na nufin mai ya yi yawa, P0171 ya yi kaɗan, P0128 inji ba ya kaiwa zafinsa, P0420 indomi ba ta aiki ko babu ita. Kowace na nuna unguwar da cutar take ne, ba gidan ba. A kuma lura ko fitilar inji na kamawa idan an murɗa makulli kafin a tayar; idan ba ta kamawa, wani ya cire ƙwanta kafin a sayar da motar.

Abin da ya fi lamba amfani shi ne adadin gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa mai yayin da inji ke aiki, wanda kwamfuta ke nunawa da kaso. A lafiyayyen inji yana kusa da sifili, bai cika wuce 10 sama ko ƙasa ba. Idan ya yi sama sosai a silo ya sauko da aka taka totur, iska ce ke shiga ta wata kafa. Idan yana ƙaruwa da ƙaruwar gudu, a zargi na'urar auna iska ko famfon mai da ya gaji. Idan ya yi ƙasa sosai, mai ne ke shiga ta inda ƙwaƙwalwa ba ta aiko shi ba. Bakaniken da ya iya karanta wannan ya cancanci kuɗinsa, ko da ya fi na maƙwabcinsa tsada.

Daga nan sai a gyara abu ɗaya a lokaci ɗaya, a karɓi tsohon kayan da aka cire, a sake cika tanki a famfon nan na farko, a rubuta. Wanda ya sauya abu biyar a rana guda, ko motar ta gyaru ba zai san wanne ne ya yi aiki ba, kuma ya biya kuɗin huɗu a banza. Masu tunanin mayar da motar ta koma amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023, su ma wannan bincike ya hau kansu tukuna, domin na'urar gas ɗin da rahoton ƙwaƙwalwar motar take aiki, kuma injin da ba shi da tamostat ko ke tsallake wuta a kan fetur, haka zai yi a kan gas.